BABI NA TARA: NAWAR KWAMFUTA WAJEN BUƊE FAYIL DA ADANA SHI

9.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin shagunan buga takardu da ke Samaru, daura da harabar Jami'ar Ahmadu Bello, ko waɗanda ke Muchia da sauran unguwannin Sabon Gari, a daidai lokacin da ɗalibai ke rige-rigen miƙa kundin bincikensu, ya san furucin nan da ke yawan fitowa daga bakin masu buga aiki, wato "ta yi nauyi". Abin da ake nufi shi ne an danna fayil ya ƙi buɗewa da wuri, ko kuwa an ba da umarnin adana gyara sai na'ura ta tsaya cik, 'yar fitilar faifanta tana kunne ba ƙyaftawa. A nan mai haƙuri kan zauna jira, marar haƙuri kuwa ya danne makunni ya kashe ta da ƙarfin tsiya. Na biyun shi ne kan wayi gari ya tarar babi guda na kundinsa ya rikiɗe ya zama tarkacen alamomin da ba mai iya karantawa.

Malamin Hausa na wannan zamani ba shi da hanyar kauce wa kwamfuta. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan a kan kwamfuta, kuma da ita ake buga tsarin darasi da tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Sai dai abin da manazarcin Hausa ke ajiyewa ya fi waɗannan tsada. A cikin na'urarsa ake samun muryoyin makaɗa da mawaƙa, da tatsuniyoyin da aka naɗa daga bakin tsofaffi, da hirarrakin da aka yi da dattawa, waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Takardar da ta ɓata ana iya sake buga ta, muryar mamaci kuwa ba a sake naɗar ta. Saboda haka wannan babi zai bayyana yadda kwamfuta ke adana fayil da ɗauko shi, da dalilan da ke sa ta nawa, da yadda ɗalibi zai gano inda matsalar take kafin ya kai ta wurin mai gyara.

9.1 Kalmomin da Za a Yi Amfani da Su

Harshe yakan sami sababbin kalmomi ta hanyar aro, ko ƙirƙira, ko faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, kuma duk hanyoyin uku sun yi aiki a wannan fanni. Kalmar fayil ararriya ce, ta daɗe a bakin ma'aikatan ofis kafin zuwan kwamfuta. Faifai kuwa kalma ce ta gida. Asalinsa saƙaƙƙen marufin ƙwarya ne, sai aka faɗaɗa ma'anarsa zuwa faifan garmaho, daga nan zuwa faifan bidiyo, ga shi yanzu ya iso kan ma'adanar da ke cikin kwamfuta, wadda masu gyara ke kira had-dis. A nan za a kira ta faifan ajiya. Wurin da na'ura ke baza aikin da take yi a halin yanzu, wanda ake kira ram a kasuwa, za a kira shi ƙwaƙwalwar aiki. Ƙa'idar da ake bi wajen jera fayiloli a kan faifai da sanin inda kowanne yake, ita ce tsarin fayil.

Kalma ɗaya ce ke da ɗan rikici. Turawa suna da wani abu da suke kira kash, kalmar da su ma aro ta suka yi daga Faransanci, daga wani aikatau mai ma'anar ɓoyewa. Ta shiga fannin kwamfuta a 1968, a bayanin wata na'ura ta kamfanin IBM, bayan da masanin nan na Jami'ar Kambirij a Ingila, Maurice Wilkes, ya bayyana dabarar a 1965 da wani suna daban. Aro wannan kalma kai-tsaye bai dace da Hausa ba, domin za ta yi karo da kash ta motsin rai, wadda ake furtawa idan an yi takaici, sannan ga kash ta 'yan kasuwa mai nufin kuɗi hannu. Don haka aka zaɓi a kira ta ma'ajiyar kusa, domin aikinta ke nan: ajiye abin da ake yawan buƙata a inda hannu zai kai da sauri.

9.2 Faifan Ajiya da Dalilin Nawarsa

Faifan ajiya na farko kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1956. Yana ɗauke da faya-fayai 50, kowanne mai faɗin inci 24, amma duk abin da yake iya ɗauka bai wuce megabait 5 ba, abin da hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani za su cike. Girma ya ragu, ɗauka ta ƙaru ninkin-ba-ninki, amma dabarar ba ta sauya ba. Akwai faifai mai juyawa, akwai kuma wani ɗan hannu mai kai kamar allurar garmaho, wanda ke shawagi a samansa ba tare da ya taɓa shi ba, yana karantawa yana rubutawa.

Kafin a karanta ko da harafi ɗaya, dole abu biyu su faru. Na farko, hannun ya matsa zuwa layin da bayanin yake, wanda kan ɗauki kimanin milisakan 9, wato kashi 9 cikin 1,000 na sakan ɗaya. Na biyu, a jira faifan ya juyo da wurin da ake so zuwa ƙarƙashin kan. Faifan da ke juyi 7,200 a minti ɗaya yana kammala zagaye guda a cikin milisakan 8.3, don haka matsakaicin jira shi ne rabin wannan, wajen milisakan 4. Na ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka galibi 5,400 suke yi, jiransu ya fi haka. Idan aka haɗa, kowace ɗauka ɗaya tana cin kimanin milisakan 13.

A ido wannan lokaci ba komai ba ne. Amma a gwada shi da ƙwaƙwalwar aiki, wadda ke amsawa a cikin kimanin kashi 1 cikin miliyan 10 na sakan. Da za a ƙaddara amsawar ƙwaƙwalwar aiki sakan ɗaya ce, to ɗauka ɗaya daga faifai mai juyawa za ta zama awa 36, wato yini ɗaya da rabi. Bambancin kamar na mutumin da ya miƙa hannu ya ɗauki alƙalami a kan teburinsa ne, da wanda sai ya yi tafiya daga Zariya zuwa Legas ya kwana ya dawo kafin ya samo shi. Sabon nau'in ma'adana da ake kira SSD ba shi da abin da ke juyawa ko motsi, kuma a wannan ma'auni ɗaukarsa ba ta wuce minti 17 ba. Har yanzu ƙwaƙwalwar aiki ta fi shi sauri nesa ba kusa ba, amma tazarar ta ragu ƙwarai. Da yake akasarin kwamfutocin gwanjo masu sauƙin kuɗi da ɗalibai ke iya saya suna zuwa ne da faifai mai juyawa, a kansa bayanin zai fi karkata.

Wani abin lura shi ne, da zarar kan ya isa wurin, karanta abin da ke jere ba ya da wuya. Faifai mai lafiya yana iya karanta megabait 100 ko fiye a sakan ɗaya idan bayanin a jere yake. Alal misali, fayil guda mai megabait 100 zai karantu a cikin sakan ɗaya. Amma idan megabait 100 ɗin nan ƙananan fayiloli 1,000 ne da ke warwatse, to tafiye-tafiyen kan kaɗai za su ci sakan 13, ban da aikin neman sunan kowanne. Ke nan ba yawan kaya ke gajiyar da faifai ba, yawan zirga-zirga ne.

9.3 Tsarin Fayil

Mai shiga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ba ya bin kantoci ɗaya bayan ɗaya yana neman littafi. Yakan duba jerin sunayen littattafai ya sami lamba, lambar ta kai shi kanta. Haka tsarin fayil yake. Yana yanka faifai zuwa ƙananan gurabe, galibi masu kilobait 4 kowanne, sannan ya riƙe rajistar da ke nuna sunan kowane fayil, da girmansa, da guraben da ya zauna a ciki.

Tsarin da ɗalibi zai fi cin karo da su uku ne, dukkansu na kamfanin Microsoft. FAT32 ya fito a 1996, kuma shi ake yawan samu a kan ƙananan filash da katin waya. Babban aibinsa shi ne ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Wannan ne ya sa ɗalibin da ya ɗauki bidiyon hawan daba ko na wasan dambe mai tsawo kan ga an ce masa fayil ya yi girma, alhali filash ɗin ba kowa a ciki. NTFS ya fito a 1993, shi ne tsarin faifan cikin kwamfutocin Windows, kuma yana da wata ƙaramar rajista ta daban inda yake rubuta abin da yake shirin yi kafin ya yi shi, ta yadda idan wuta ta ɗauke zai iya gyara lissafinsa. A kula, lissafin gurabe yake karewa, ba abin da ke cikin fayil ba. Na uku shi ne exFAT na 2006, wanda aka yi domin filash da kati, kuma ba shi da iyakar gigabait 4 ɗin nan. Masu amfani da Linux suna da ext4 na 2008, na Apple kuma APFS na 2017.

Matsalar da ta fi shahara a nan ita ce tarwatsewa. Yau an adana fayil, gobe an goge wani, jibi an ƙara wa na farko shafuka. Da yake gurbin da ke maƙwabtaka da shi wani ya riga ya shiga, sai a kai ƙarin can wani wuri. A kwana a tashi, fayil ɗaya ya zama gutsattsari ɗari, kowane gutsure da tafiyarsa ta milisakan 13. Abin ya fi tsanani idan faifai ya kusa cika, domin babu sauran fili mai faɗi sai 'yan ramuka. Manhajar harhaɗa gutsattsari ta Windows XP ma takan nemi kashi 15 cikin 100 na faifai ya zama fanko kafin ta yi aiki sosai. Tun daga Windows Vista na'ura ke yin wannan harhaɗawa da kanta bisa jadawali, a lokacin da ba a aiki da ita. To amma kwamfutar shago, wadda ba a kunna ta sai an tayar da janareto, kuma a kashe ta da zarar an sallami mai aiki, ba ta cika samun wannan hutu ba.

Akwai wani zato da ya kamata a kawar. Sanya wa fayil suna mai ɗauke da ƙ ko ɗ ko ɓ ba ya sa na'ura nawa. A shekarun 1990, lokacin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da haruffa masu lanƙwasa na kwamfuta, sai an ɗora su na musamman ake ganin su. Yanzu suna cikin ma'aunin Unicode, kuma NTFS yana adana su daidai. Abin da kan faru kawai shi ne wasu tsofaffin manhajoji da na'urori su nuna sunan a gurɓace.

9.4 Ma'ajiyar Kusa

Ɗan kasuwar da ke da shago a Kasuwar Sabon Gari, sitonsa kuma yana can bayan kasuwa, ba ya aika yaro sito duk lokacin da mai saye ya zo. Kayan da suka fi tafiya yakan jera su a kan tebur. Idan aka tambayi abin da babu a tebur ne yaro ke rugawa, kuma in ya je ba ƙwaya ɗaya yake ɗaukowa ba, kwali guda yake sungumowa, domin an san wanda ya tambaya yau wani zai tambaya an jima. Idan tebur ya cika, abin da aka daɗe ba a tambaya ba shi ake mayarwa sito.

Wannan ita ce dabarar ma'ajiyar kusa ba ragi ba ƙari. Sito shi ne faifai, tebur kuwa shi ne ɓangaren ƙwaƙwalwar aiki da ba a amfani da shi a wannan lokaci. Duk abin da aka karanto daga faifai, na'ura takan bar kwafinsa a can. Idan kuma ta lura ana karanta fayil a jere, sai ta riƙa ɗauko na gaba tun ba a tambaya ba. Dabarar tana cin nasara ne saboda wata ɗabi'a ta manhajoji da masu amfani da su, wato komawa ga abin da aka taɓa ba da jimawa ba, da kuma neman abin da ke kusa da shi. Shi kansa faifan yana da tasa 'yar ma'ajiyar a jikinsa, daga megabait 8 a tsofaffi zuwa 256 a wasu sababbi.

Lissafi kaɗan zai nuna muhimmancinta. A ɗauka manhaja ta nemi abu sau 100. Idan an sami 95 a ma'ajiyar kusa, sau 5 kawai za a je faifai, wato milisakan 65. Idan abin da aka samu ya sauka zuwa 80, za a je faifai sau 20, wato milisakan 260. Raguwar 15 kacal ta ninka jira har sau huɗu. Wannan shi ne sirrin kwamfutar da ke gudu da safe, amma da an buɗe shafukan intanet goma tare da kundi da manhajar sauraron murya sai ta fara jan ƙafa. Manhajojin sun cinye tebur, ma'ajiyar kusa ta tsuke.

Idan cunkoson ya ci gaba, abin yakan wuce nan. Na'ura takan fara kwashe sassan manhajojin da ke buɗe tana jibge su a wani fayil na musamman a kan faifai, domin ta sami fili. Da an koma kan wata manhaja sai ta sake ɗauko nata ta fitar da na wata. A ƙarshe sai ya zama ba aikin da take yi sai kai-da-kawowa tsakanin tebur da sito. Masanin kwamfuta Peter Denning na Amurka ya yi bayanin wannan hali tun 1968. Alamarsa ita ce faifai yana aiki ba tsayawa, alhali ba fayil ɗin da ake buɗewa ko adanawa.

A nan ya dace a yi gargaɗi game da manhajojin da ake tallatawa da sunan share ƙwaƙwalwa. Mutum ya duba ya ga ƙwaƙwalwar aikinsa ta kusa cika, sai ya ɗauka cuta ce. Sau da yawa abin da ya cika ta kwafin fayiloli ne na ma'ajiyar kusa, waɗanda na'ura ke saki nan take idan wata manhaja ta buƙaci wurin. Share su daidai yake da kwashe kayan tebur a mayar sito domin tebur ya yi kyan gani.

Ɓangaren rubutu shi ne mai haɗari. Idan aka ba da umarnin adanawa, na'ura ba lallai ta rubuta a faifai a wannan lokaci ba. Takan karɓa ta ajiye a ƙwaƙwalwar aiki, ta ce an gama, sannan ta riƙa sauke abin da ya taru a hankali. A Windows akwai wani sashe da ke farkawa kowane sakan ya rubuta wani kaso na abin da ke jira, a Linux kuwa bayani na iya jira har sakan 30. Kamar ɗan kasuwa ne da ke rubuta ciniki a 'yar takarda da niyyar shigar da shi babban littafi an jima. Yana sa aiki sauri, amma ƙwaƙwalwar aiki ba ta riƙe komai idan babu lantarki. Idan wuta ta ɗauke a wannan tsakani, ko janareto ya shaƙe, ko aka fizge filash, abin da ke 'yar takardar ya tafi. Mafi muni shi ne a ce an rubuta rabi an bar rabi, domin a nan ne fayil ke lalacewa gaba ɗaya. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai mataccen batir, irin wadda ba ta aiki sai a jone, ba ta da wata kariya a nan fiye da ta tebur.

9.5 Gano Inda Matsalar Take

Kuskuren da aka fi yi shi ne fara magani kafin a san cuta. Da an ce na'ura ta yi nauyi, sai a ce ƙwayar cuta ce, a goge komai a sake ɗora Windows. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuwa bayan mako biyu nawa ta dawo, ga kuma fayilolin da aka yi asara.

Kafin komai, a saurara. Idan faifai yana wata ƙara mai maimaituwa, ƙas-ƙas-ƙas, ko na'ura tana daskarewa a duk lokacin da aka taɓa wani fayil takamaimai, to a dakatar da duk wani bincike a kwashe muhimman fayiloli zuwa wata ma'adana, a fara da waɗanda ba su da madadi. Faifan da ke gab da mutuwa yakan yi ta maimaita karanta gurbin da ya lalace, kuma wannan maimaici shi ake gani a matsayin nawa. Ɗora masa aikin harhaɗa gutsattsari ko dogon bincike a wannan hali yana iya ƙarasa shi. Faya-fayan zamani suna riƙe da bayanin lafiyarsu ta wani tsari mai suna SMART, kuma manhaja irin CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna shi. Abin dubawa shi ne adadin guraben da aka sauya saboda lalacewa da waɗanda ke jiran sauyi. Idan adadin yana ƙaruwa daga mako zuwa mako, faifan ba abin dogaro ba ne. Manhajar tana nuna zafinsa ma, abin da ke da muhimmanci a Zariya, inda ƙurar hunturu ke toshe kafofin iska, sannan zafin bazara na Maris da Afrilu ya biyo baya.

Idan faifai lafiya lau yake, sai a danna Ctrl da Shift da Esc tare, manhajar Task Manager ta buɗe. Tun daga Windows 8 na 2012 tana nuna aikin faifai a gefen na ƙwaƙwalwar aiki da na injin sarrafawa. Yadda za a fassara abin da aka gani shi ne kamar haka. Idan ƙwaƙwalwar aiki ta haura kashi 90 kuma faifai yana kan 100, to ƙarancin ƙwaƙwalwa ne, faifan wahalar banza yake sha. Idan akwai sauran ƙwaƙwalwa amma faifai yana kan 100, a duba wace manhaja ce ke saman jeri. Sau da yawa za a tarar da mai farautar ƙwayoyin cuta, ko sabuntawar Windows, ko sashen da ke jera fayiloli domin sauƙaƙa nema, ko SysMain, wanda ke ɗauko manhajojin da aka saba buɗewa tun kafin a neme su. Waɗannan sukan lafa idan aka ba su lokaci. Wanda ba ya lafawa shi ne inda aka ɗora masu farautar ƙwayoyin cuta biyu, kowanne yana binciken duk fayil ɗin da ɗayan ya taɓa. Idan kuwa faifai yana kan 100, abin da yake karantawa bai kai megabait 1 ko 2 a sakan ba, kuma lokacin amsawarsa yana kai ɗaruruwa ko dubban milisakan, to ko dai tarwatsewa ta yi tsanani, ko faifan ko wayarsa na da rauni. Idan faifai yana zaune shiru amma injin sarrafawa ne ke kan 100, matsalar ba ta wannan babi ba ce.

A ƙaddara wata ɗaliba a Muchia tana rubuta kundi kan waƙoƙin daka. Na'urarta ta gwanjo ce mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4, ta naɗo muryoyi na awa shida ba tare da matsewa ba, kowace awa kimanin megabait 600. Tana sauraro tana rubutawa, ga shafukan intanet a buɗe. Duk lokacin da ta koma daga murya zuwa rubutu sai ta jira. Dubawa ta nuna ƙwaƙwalwa 94, faifai 100. Ta rufe shafukan intanet, ƙwaƙwalwa ta sauka zuwa 70, faifai ya lafa. Wannan ɗaliba ba ta buƙatar a goge mata komai. Abin da take buƙata shi ne ta rage abin da take buɗewa lokaci guda, ta yi aiki da matsattsen kwafin muryoyin ta adana na asali a wani wuri, in da hali kuma ta ƙara ƙwaƙwalwa zuwa gigabait 8.

9.6 Magunguna

Ga tarwatsewa, a rage kaya har a sami fili, sannan a bar manhajar Windows ta harhaɗa gutsattsari ta yi aikinta a lokacin da ake da tabbacin wuta. Ba a yi wa SSD wannan da hannu, domin ba shi da kan da ke tafiya, kuma yawan rubutu yana rage masa kwana. Ga rajistar da ta rikice bayan ɗaukewar wuta, akwai umarnin chkdsk. Idan aka haɗa shi da /f yana gyara rajista, da /r kuwa yana bin faifai gurbi-gurbi, abin da kan ɗauki awoyi. Ba a fara shi sai an yi kwafin ajiya. A cikin Device Manager, a shafin manufofin faifai, akwai zaɓin kunna ma'ajiyar rubutu, wanda ya kamata a bar shi a kunne ga faifan ciki. A ƙarƙashinsa akwai zaɓi na biyu da ke hana Windows tilasta wa faifai sauke abin da ya riƙe. Wasu masu gyara kan kunna shi domin na'ura ta yi sauri a gaban mai ita. A inda wuta ba ta da tabbas, kuma babu na'urar UPS ko batir mai rai, wannan ganganci ne.

Sauya faifai mai juyawa da SSD shi ne gyaran da ya fi kowane tasiri ga tsohuwar na'ura, kuma ko mai ƙaramin girma ya wadatar da aikin malami. Sai dai shi ma yana da halinsa. Masu araha suna da wani ɓangare mai sauri da ke karɓar rubutu da farko, idan ya cika sai gudu ya faɗi warwas a tsakiyar kwafin babban fayil. Wannan ba lalacewa ba ce. Kuma SSD ba ya ƙara kafin ya mutu.

Filash na buƙatar kulawa ta daban, domin shi ne ke yawo tsakanin ɗakin ɗalibi da shagon buga takardu. Kada a buɗe kundi a yi ta gyara a kansa kai-tsaye. A kwafe shi zuwa na'ura, a gama, a mayar. Idan fayilolin ƙanana ne masu yawa, a dunƙule su cikin fayil ɗaya na zip kafin kwafi, saboda dalilin da aka gani a 9.2. Daga sigar 1809 ta Windows 10, wadda ta fito a 2018, an mayar da tsarin filash ya zama ba a jinkirta masa rubutu, amma tsofaffin na'urori suna nan da yawa, kuma ko a sababbi cire shi ana tsakiyar kwafi ɓarna ne, don haka a riƙa ba da umarnin cirewa a jira izini. Akwai ƙwayar cutar da ke ɓoye jakunkunan fayil ta maye gurbinsu da gajerun hanyoyi na bogi. Wanda ya ga haka kada ya danna su, kuma kada ya goge filash ɗin, domin fayilolinsa suna nan a ɓoye. Akwai kuma jabun filash, wanda ke nuna girman da ba shi da shi. Yana karɓar kaya ba musu, amma da an wuce ainihin girmansa sai abin da aka zuba ya lalace, sunayen fayiloli suna nan, cikinsu ba komai. Manhajar H2testw tana cika filash da bayani ta sake karantawa domin tabbatar da girmansa, kuma a kan sabon filash ake yin wannan gwaji, kafin a ɗora masa wani abu mai daraja.

9.7 Aiki

1. A kashe kwamfuta a sake kunna ta, a buɗe wani babban fayil a auna lokacin da ya ɗauka da agogo. A rufe shi a sake buɗewa nan take, a sake aunawa. A bayyana dalilin bambancin da aka gani da kalmomin da aka koya a 9.4.

2. Faifai yana juyi 5,400 a minti ɗaya. A lissafa tsawon zagaye ɗaya da matsakaicin jira. Idan matsawar hannu tana cin milisakan 12, sakan nawa za a ɓata wajen ɗauko gutsattsari 500?

3. An zaɓi "ma'ajiyar kusa" a wannan babi. A kawo wata kalma da za ta iya maye gurbinta, a faɗi hanyar da aka bi wajen samar da ita, sannan a gwada ta a kan mutum biyu masu gyaran kwamfuta da mutum biyu da ba su taɓa amfani da kwamfuta ba, a rubuto abin da kowannensu ya fahimta.

4. A tsara darasi na minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare kan dalilin da ya sa ba a fizge filash daga jikin kwamfuta, ba tare da an yi amfani da misalin ɗan kasuwa da sitonsa ba.